Karatun da Na Yi a Gaban Bangon Coci

Da na gaya wa Baba zan haɗa darasi biyu a jami'ar da ta ɗauke ni a Landan, a kan ɗaya kawai ya tsaya tambaya. Na farkon, inda ake koyon haɗa bidiyo da sauti da shafukan intanet, ya ce ai wannan aikin jarida ne na zamani, Allah ya sa albarka. Na biyun ne ya ce in maimaita sunansa. Na ce Latin. Ya ce mutanen wace ƙasa ne? Na ce babu su, sun mutu tuntuni, yarensu ne ya rage a littattafai da jikin duwatsu. Ya yi dariya har hularsa ta karkace, ya ce, "Wato kin gama da masu rai, Uwata, yanzu matattu za ki dama da surutu." Uwata yake ce mini saboda sunan mahaifiyarsa aka sa mini. Daga nan ya ce in je, ilimi ba ya yawa. Na faɗi wannan ne don a san ban ɓoye wa kowa komai ba tun daga Kano.

Na sauka wurin Gwaggo, ƙanwar Baba, a Camberwell. Ma'aikaciyar jinya ce a babban asibitin unguwar, ta daɗe a ƙasar har faɗanta ma rabi da rabi yake fitowa, Hausa a gaba Turanci a baya. Ta ba ni ɗakin da take ajiye akwatuna da buhun shinkafa, ta ce in na ƙi jinin ƙamshin daddawa in nemi wani gidan. Kullum da safe in hau bas in haye kogi zuwa Bloomsbury inda jami'ar take, da yamma in dawo in tarar da kwanuka suna jirana.

Ɓangaren bidiyo bai taɓa wahalar da ni ba. Latin ɗin ne ya so ya kashe ni. Ajinmu bai cika tebur biyu ba, kuma yawancin 'yan ajin tun suna yara ake ɗura musu shi a makarantunsu masu tsada, ni kuwa daga baƙi na fara. Malamarmu wata doguwar tsohuwar Baturiya ce mai sanyin murya. In ka yi kuskure sai ta karkata kai ta ce kusan haka ne, kai kuma ka san ko hanyar ba ka kama ba. Kowace kalma tana da wutsiyoyi barkatai da dole a haddace su, ni kuma in na haddace da safe kafin azahar sun watse. Shekarar farko da ƙyar na sha.

Abin da ya cece ni a bakin famfon wanke-wanke ya zo mini. Ina cuɗa tukunya ina maimaita jerin kalmomin gobe, sai na ji bakina ya ɗora su a kan karin da muke rera baitocin nahawu da shi a Islamiyyar unguwarmu, wanda ake yi ana rangaji gaba da baya. Suka zauna daram. Ba ƙira'ar Alƙur'ani ba ce, wannan in faɗa tun yanzu, domin daga baya na faɗe shi har maƙogwarona ya bushe. Karin haddar yara ne kawai. Tun daga ranar da shi nake karatu, a ɗaki, a bas a hankali, a layin biyan kuɗi a kanti. Gwaggo in ta shigo ta ji ni sai ta ce, "To, Malama ta buɗe makaranta, a kawo sadaka." Makina ya hau. Malamarmu ta daina ce mini kusan haka ne.

A shekarar ƙarshe aka ce kowa ya yi aiki guda babba da zai haɗa darussansa biyu. Na zaɓi in yi ɗan gajeren fim a kan rubutun Latin da ke jikin allunan dutse a tsofaffin coci-coci na Landan, irin waɗanda dangin mamaci kan kafa a bango don tunawa da shi. Mutane na wucewa ta gabansu kullum ba mai iya karantawa. Na ga abin ya yi daidai da ni, in karanta, in fassara a ƙasan hoto, in nuna yadda haske ke faɗawa cikin haruffan. Na yi yawo sosai kafin na samu wanda ya kwanta mini, a wata tsohuwar coci can wajen Plumstead. Wata mata ce ta sa aka yi wa mijinta, wani mai sayar da katako.

Ranar ɗauka, wata 'yar ajinmu ta riƙe mini kyamara. Na tsaya gaban dutsen da hijabina ruwan toka, na fara karantawa yadda Turawa ke yi, a miƙe, sai harshena ya dinga sarƙewa. Muka sake, muka sake. Ta ce don me ba zan yi yadda nake yi a bas ba? Sai na yi. Na rufe ido na rera shi da karinmu, jikina na rangaji da kansa, sautin ya cika ɗakin ya dawo mini. Ban lura da gicciyen da ke bayan kafaɗata ba, ko in ce na gan shi ban ɗauke shi komai ba, tunda coci ce, me za a gani a ciki? Malamarmu da ta kalla sai da ta cire tabarau ta goge ido. Aka sa fim ɗin a shafin sashenmu tare da na sauran ɗalibai kamar yadda aka saba, ni kuma don murna na tura wa guruf ɗin danginmu na waya. Aka yi ta sa albarka. Na tabbata rabinsu ba su buɗe ba.

Ban san wanda ya yanka shi ba, har yau. Wata safiya ina cikin bas saƙo ya shigo daga wata da rabona da ita tun sakandare, ta ce ke ce wannan? Na buɗe. Ni ce. An cire farkon inda na yi bayani, an cire fassarar da ke ƙasa, an bar ɗan guntu, ni da hijabi da gicciye a bayana, ido a rufe, ina rerawa. A sama an rubuta salati da jan rubutu, an ce ga 'yar Musulmi daga Kano da aka tura karatu, Turawa sun juya ta, tana karanta addu'ar coci da muryar karatun Alƙur'ani. A ƙarshe an ce don Allah a tura wa wasu. Abin haushi, ko yankan bai iya ba, ya datse ni a tsakiyar kalma, sautin kuma ya murƙushe shi kamar daga cikin tulu nake magana. Na zauna ina kallon wannan ƙazamin aiki har bas ta wuce inda zan sauka.

Na kira Baba bai ɗauka ba. Na sake kira. Mutumin da ko yana alwala zai sa a ɗauka a ce mini in jira, ranar wayarsa ta yi ta ringi har ta gaji. Da yamma Umma ta kira ni, muryarta ƙasa-ƙasa kamar tana ɓoye a ɗakin girki. Ta ce a ƙofar masallaci wani ya kunna wa Baba bidiyon, a gaban mutane. Ta ce tun da ya shigo bai ci abinci ba. Sannan ta faɗi saƙon da ya ba ta: a gaya wa yarinyar nan ta haɗa kayanta, ƙarshen wata ta dawo gida.

Yarinyar nan. Na ce Umma zango ɗaya ya rage mini, jarrabawar Latin ce kawai a gabana, in na tafi yanzu duk shekarun nan sun tashi a banza. Ta ce ita ba karatun ne ya dame ta ba. Sannan ta ce, "Ki gaya mini tsakaninki da Allah, kina sallah?" Ban taɓa jin abin da ya ƙona ni kamar wannan tambayar ba. Na ce Umma ni ce fa. Ta ce ta sani, sai ta fashe da kuka, wayar ta katse.

Daga nan na shiga gudun da ba shi da amfani. Na je sashenmu na roƙa a sauke fim ɗin, suka sauke nan take, suna ta ba ni haƙuri, amma ai ba nasu ne ke yawo ba. Na dinga kai ƙarar guntun a duk shafin da na gan shi. A goge ɗaya, in wayi gari da wasu, wani an ƙara masa kiɗan tausayi, wani an haɗa shi da muryar wani mutum da ke rantsuwa ya san gidanmu. Na je wurin malamarmu ina magana ina haɗiye kuka. Ta saurare ni da kyau, baiwar Allah, sannan ta ce amma ai abin yana da kyau ƙwarai, kuma ba addu'a ba ce, ko ita ta kira mahaifina ta yi masa bayani? Na dube ta. Na hango Baba zaune a kan tabarma wata Baturiya na tabbatar masa ta waya cewa 'yarsa ba ta bar addini ba. Na ce mata na gode.

Sai na yi abin da aka koya mini. Na zauna na haɗa wani bidiyon, na fuskanci kyamara na yi bayani da Hausa tiryan-tiryan, na nuna dutsen, na fassara layi-layi, na rera baitin nahawu na gaske don a ji karin daga inda ya fito. Aiki ne mai kyau, ban taɓa yin wanda ya kai shi tsafta ba. Na tura ko'ina. Waɗanda suka kalla ba su kai mutanen da ke zuwa walimar suna ba, kuma a cikinsu wata ta rubuta cewa in ba ta da laifi me ya kawo dogon bayani? Na tura wa Baba. Alamar da ke nuna an buɗe saƙo ba ta taɓa canza launi ba.

A nan Landan ma abin ya iso. Ranar Juma'a a masallaci, matan da ke ja na da wasa suna neman in ɗauke su hoto suka amsa sallamata a taƙaice, wata ta jawo 'yarta kusa da ita. Wayar Gwaggo ba ta huta ba. In ji ta a falo tana cewa, "Wallahi a gidana take, ina ganinta, she prays, me kuke so in ce?" In ta ajiye sai ta yi tsaki ta shiga ɗaki. Ta daina kirana Malama.

Karatun kuma ya tsaya cak. In na buɗe littafi a laburare, karin ne ke tasowa a maƙogwarona, sai in datse baki kamar wadda za ta yi amai. In na gwada ba da shi ba, kalmomin ba sa zama. Na yi kwanaki ina kallon shafi ɗaya. Na rame, abinci ba ya wucewa, ga akwatina Gwaggo ta sauko da shi daga saman kabad ta ajiye a bakin ƙofa ba tare da ta dube ni ba. Tsoro nake ji, tsoro na gaske. Ba na komawa Kano ba, na in koma in tarar Baba yana kallona kamar baƙuwa.

Ana saura 'yan kwanaki wata ya ƙare, ranar hutun Gwaggo, ta leƙo ɗakina da mayafinta a kafaɗa. Ta ce, "Tashi. Na yi cancel ɗin zuwa kasuwa. Kai ni in ga dutsen nan da idona."

A jirgin ƙasa ta yi ta jan carbi. Da muka isa ƙofar cocin ta tsaya, ta ce duk shekarunta a ƙasar nan ba ta taɓa taka irin wurin nan ba. Ta yi bisimilla, ta sunkuya ta cire takalmanta ta riƙe a hannu. Na ce Gwaggo ba a cirewa a nan. Ta ce, "Ɗakin ibadar mutane ne ko ba shi ba ne? Ke da takalmi kika shiga? To ga rashin kunyar da ya kamata a yi miki bidiyo a kai." Na cire nawa. Muka shiga da safa a kan dutse mai sanyi kamar ƙanƙara. Wata tsohuwa da ke gyara furanni ta dube mu, ta dubi ƙafafunmu, ta yi murmushi ta ci gaba da aikinta.

Gwaggo ta tsaya gaban allon ta daɗe tana kallo, kamar za ta gane wani abu in ta matsa masa. Ta ce shi ke nan? Na ce shi ke nan. Sai ta ciro waya ta kira Baba ta bidiyo. Ita ya ɗauka.

"Yaya, ina wuni. Ka ga inda nake? A cikin cocin nake. Ni ma sai a yanka ni a tura."

Na ji muryarsa yana salati, yana cewa me ya kai ta. Ta ce abin da ya kamata ya kai ta tun farko. Ta juya wayar ta nuna masa dutsen daga sama har ƙasa, sannan ta miƙo mini. Fuskarsa ta cika gilashin, ya matso da ita kusa yadda tsofaffi ke yi, sai goshi da tabarau nake gani. Ya rame. Na durƙusa a wurin da wayar a hannuna na gaishe shi. Bai amsa ba. Ya ce, "Karanta. Ba da waƙa ba. Ki faɗa mini da Hausa."

Na tashi na sa yatsa a kan haruffan, ina bi ina faɗa. Na ce a nan kusa aka binne wani mai sayar da katako. Matarsa ce ta sa aka rubuta. Ta ce mutum ne mai haƙuri, ba ya tauye awo, kuma duk lokacin sanyi yana raba wa matalautan unguwa itace. Ta ce sun daɗe tare ba ta taɓa jin ya ɗaga mata murya ba. Da na zo layin ƙarshe na ɗan tsaya, domin shi ne kaɗai ya taɓa addini, kuma na san in na tsallake shi ba wanda zai sani. Na ce, ta ce yana kwance yana jiran ranar tashi.

Baba ya janye wayar daga fuskarsa. Ina jin kukan akuya a bayansa da muryar mai tallan ruwa. Sannan ya ce, "Ashe yabon mamaci ne." Ya gyaɗa kai. "Ranar tashi kuwa duk muna jiranta."

Gwaggo ta ce, "To ka ji."

Ya ce, "Na ji. Uwata, na yarda da ke. Tun farko zuciyata ba ta ba ni ba, amma muryarki na ji da kunnena, a gaban mutane, na rasa abin cewa." Ni dai kuka nake, na toshe baki da hijabi don kada tsohuwar mai furanni ta ji. Ya ce in zauna in gama karatuna, in yi jarrabawata. Na fara godiya, ina jero addu'a, sai ya ɗaga hannu.

"Amma ki saurara. In kin gama kada ki zo tukuna."

Na ce Baba?

Ya ce yanzu in liman ba ya nan, ba shi ake turawa gaba ba, kuma bai yi musu da kowa ba. Ya ce in na sauka a gidan nan a wannan yanayi, cewa za a yi an dawo da ni ne don a sake musuluntar da ni, za a cika zaure ana leƙena, kuma wannan sunan ba zai taɓa barina ba. Ya ce shi ya iya ɗaukar nasa, amma ba zai iya zama yana kallo ana nuna ni da baki ba. "Ki bari maganar ta kwanta. In ta kwanta ni da kaina zan ce ki taho."

Na shafe makonni ina roƙon Allah kada a mayar da ni gida. Ga shi an amsa mini, kuma ban taɓa jin na yi nisa da gida kamar a wannan lokacin ba. Gwaggo ta karɓi wayarta suka yi sallama. Muka fito ta zauna a kan dakalin ƙofa tana sa takalmi, tana mita cewa sanyin nan zai tayar mata da ciwon gwiwa.

Na ci jarrabawar, ba da wani makin kirki ba, amma na ci. A bakin famfo na yi bitar, a hankali, da karin, domin ba ni da wata hanyar. Na samu aiki a nan, ina gyara bidiyon wasu. Ni da Baba muna waya duk mako, yana tsokanata, yana tambayar lafiyar matattuna. Duk lokacin da sallah ta matso sai in ce Baba bana fa? Sai ya ce ta kusa, an fara mantawa, in ƙara haƙuri kaɗan.

Shi yana lissafi ne da maganar baki, wadda in an gaji da ita ake bari. Ni kuwa wannan ne karatuna, na san inda irin wannan abu yake zama, a cikin wayoyin mutanen da ban sani ba, yana jiran wanda zai ga dama. A watan da ya wuce ma wata ta turo mini guntun bidiyon, an sake masa rubutu, an ce yanzu abin ya faru. Ban gaya masa ba. Da muka yi waya ya ce mini gashin kansa ya gama fari, in na zo ba zan gane shi ba, amma yana ganin baɗi in Allah ya yarda. Na ce to Baba, Allah ya kai mu.